Sawu a Bayan Ɗakin Likitar Haƙori

Ranar Talata da hantsi Likita Firdausi ta sauka daga babur ɗin haya, kabu-kabu, a ƙofar ɗakin da take duba haƙora a Matankari. Kwaɗo na nan a datse yadda aka saba. Ta buɗe ta shiga, sai ga ta ta fito da hannu biyu a ka. Akwatin babu.

Baƙo zai ce ai akwati ne kawai, mene ne abin ɗora hannu a ka? Farin abu ne mai batir a ciki, wata ƙungiya ta saya ta damƙa mata, ita kuma tana zuwa daga Dogon Dutsi sau uku a mako ta yi aiki da shi. Wata iska yake fitarwa da ake kira ozon. Likita takan kifa ƴar hular roba a kan haƙorin da ya fara rami, iskar ta bi tiyo ta shiga, kafin minti ɗaya ta kashe ƙwayoyin cutar, sai ta toshe ramin. Ba allura, ba injin nan mai ƙwaƙule haƙori wanda ƙararsa kaɗai kan sa ƙato mai gemu ya tuna yana da aiki a gona. Ƙaramin rami kawai take yi wa haka. Wanda nasa ya yi zurfi takan ce ya tafi Dutsi a ƙwaƙule ko a cire, kuma ba kowa ke jin daɗin wannan magana ba.

Nan da nan rabin unguwa ya taru, kowa ya taka inda ya ga dama. Ba a daɗe ana neman mai laifi ba. Mabuɗi biyu ne, ɗaya a jakar likita, ɗaya a hannun Iliya mai gadi. Shi kuma Iliya Kirista ne, ba shi da dangi da yawa a garin, matarsa Godiya ta rasu bara. Irin mutumin da zargi ke zama a kansa ba tare da wani ya tashi ya kore shi ba.

Shef, shugaban jandarma, ya zo ya rubuta. Ya ce kayan ƙungiya ne, takarda ta riga ta tashi, ko likita ba ta da ikon janyewa. Motarsu za ta Dogon Kiriya, za ta biyo da la'asar. In ba a sami wani ba zuwa lokacin, mai mabuɗi zai bi su Dutsi, ya kwana kaso, a kulle. Aka zaunar da Iliya a zauren mai gari, aka aika kiran Gado.

Gado ya shekara arba'in yana bin sawun shanu da raƙuman sata, daga Arewa har ƙasar Kabi. Tsoho ne mai gajeren haƙuri da dogon wuya, kullum kansa a sunkuye, har yara ke cewa allurar uwarsa ce ta ɓace yake nema. Abu ɗaya ko maƙiyinsa ya yarda da shi: bai taɓa faɗin sawun da bai gani ba. Shi da Iliya kuwa tun suna samari suke dara a gindin bishiyar bedi ɗaya.

Ya tarar da abokinsa ya haɗa kai da gwiwa.

"Iliya, ina kat tahi da sahe?"

"Gona. Da ruwa sunka ɗauke, an gama sallar asuba, nit tahi in yi noma kaɗan."

"Mabuɗi hwa?"

"Ƙarƙashin randa, inda ni ka aje shi kullum. Da nid dawo nan nit tarda shi."

"Wa as san wurin?"

Iliya ya dubi bango. "Ba kowa."

Gado ya san wannan kallon bangon. Shi Iliya ke yi in ya ɓoye dabara a dara, kuma bai taɓa iya shi ba. Ran Gado ya ɓaci ƙwarai.

"Kai tsoho na, hwa. Ƙirjinka bai ɗaukar kwana guda cikin kaso. Hwaɗa mini."

"Na ce maka ba kowa. Tahi ka yi aikinka."

*

A ɗakin likita babu abin da aka birkita. Ga almakasai da ƙarafuna masu tsada a tire, ga fitilar sola, ga rediyo. Kusa da inda akwatin yake zama akwai wata ƴar na'ura baƙa da nata tiyon, ba a taɓa ta ba.

"Wagga hwa, mi taka yi?" in ji Gado.

"Ita ka tsotse iskar, Baba Gado," in ji Firdausi. Idonta ya yi ja. "Iskar ga magani ta bisa haƙori, amma dahi ta ga huhu. Ba a shaƙa tata. Shi as sa ba ni taɓa kunna akwatin sai da wagga. Wanda yaɗ ɗauka, in ya kunna shi cikin ɗaki ruhe…"

"Tana da wari?"

"Awa ruwan jabel na hidda dauɗa ga wanki. Yana hawa kai."

Gado ya daɗe yana kallon tiren. Ɓarawon da zai sayar ba ya barin ƙarfe mai ƙyalli, kuma ba ya tsayawa ya mayar da kwaɗo ya ajiye mabuɗi inda ya gani.

Gaban ɗakin ya zama turmin sawu, ba abin karantawa. Ya zaga baya, ta lungun da ke fita gonakin gero. An yi yayyafi kafin asuba, yashi ya kwanta lumui, kuma a kansa ga sawu ɗaya tak yana tafiya kudu. Gado ya tsuguna. Takalmin soso ne na namiji, babba. Amma taku gajere ne, bai kai na namiji mai wannan ƙafa ba. Dunduniyar takalmin ba ta nutse ba, jan ƙasa take yi, ke nan ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Dama da hagu zurfinsu ɗaya. Namiji in ya ɗauki akwati a hammata ko a kafaɗa yake sa shi, ƙafa ɗaya ta fi nutsewa. Wannan a ka aka ɗauka. Ciyawar gefen hanya ma an share mata raɓa daidai tsayin bakin zane.

Mace ce cikin takalmin namiji.

Ya ƙara sunkuyawa har gemunsa ya kusa taɓa yashi. A tafin ƙafar dama akwai wani zane, ƴan murabba'ai a jere kamar idon raga. Na hagu ba shi da shi. Ba masana'anta ce ta yi wannan ba, wani ƙarfe ne ya daɗe yana cin soson. Ya juya abin a ransa bai gane ba, sai ya tashi ya bi. Sawun ya ratsa gona biyu, ya koma cikin gari ta bayan kasuwa, ya hau fako. A nan an koro shanu da safe sun tattake komai. Gado ya zaga fakon sau uku, ya zagi shanun da mai su, bai sami inda sawun ya sauka ba.

*

Yana tsaye aka zo aka ce masa an ga Sadiƙ mai shagon wayoyi ya ɗaure kwali a bayan babur da sassafe. Sadiƙ saurayi ne mai ɗangalallen wando da kaifin baki, yana kai kaya ƙetaren iyaka, kuma ya taɓa cewa a bainar jama'a bai dace mace ta riƙa leƙa bakin maza ba. Mutanen da ba sa son Iliya ya tafi sun yi murna da wannan labari. Gado ya san ba sawun namiji yake bi ba, amma mace na iya ɗauka ta miƙa wa wani, don haka ya je.

"Baba, da girmanka?" in ji Sadiƙ, ya yi jifa da kwalin gabansa. "Duba. Caja ta, da gilasan waya. Tayata ta hwashe ga hanya nid dawo. Ni in ɗau kayan wani? Wallahi ban son aikinta, amma ban sata."

Gado ya duba, caja ce. Ya duba tayar, ta fashe. Ya yi asarar sa'a guda, ga ladan yana kiran azahar.

Bayan salla ya nufi rumfar Mani wanzami. Shi ne wanda gari ya fi zargi bayan Iliya, don tun zuwan akwatin masu zuwa cire haƙori wurinsa suka ragu. Ya tarar da shi yana wasa aska, ko a jikinsa.

"Na san mi ak kawo ka," in ji Mani. "Zamna. In ɗau akwatin in yi mi da shi? Ita tana ɗaukar masu ƙaramin rami, ruɓaɓɓun dut wurina su ka ƙarewa. Wanda bai son cirewa in yi mishi turare."

"Wane turare?"

"Kai ko, awa ba ɗan garin ga ba. Ɗiyan gautan kura bisa garwashi, a lulluɓe mutum da bargo shi buɗe baki, hayaƙi shi shiga shi hidda tsutsa. Sai an lulluɓe da kyau, in hayaƙi ya tsere magani ya tsere. Sau biyu nay yi ma Sha'ibu tela, bai ji sauƙi ba. Likita ta ce mishi nashi ya kai jijiya, iska ba ta kai nan, shi tahi Dutsi. Nic ce to kawo in cire. Yaƙ ƙiya. Wai haƙorin bisa na, in anka cire idonai na mutuwa, da mi za shi sa zare ga allura? Sati ukku ke nan bai buɗe shago ba. An ce har kai shika bugawa ga bango."

Gado ya daina jin sauran. Tela. Ƙafar dama a kan matakin keken ɗinki, ƙarfe mai idon raga, shekara da shekaru. Gidan Sha'ibu kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da na Iliya. Da Godiya ta rasu, matar telan, Mubaraka, ita ta kwana bakwai tana dafa wa baƙin makoki abinci, lokacin da wasu maƙwabta suka yi kamar ba su ji an yi mutuwa ba. Tun daga nan kowace safiya takan kai wa Iliya koko wurin gadi. Ta sha ganin inda yake sa mabuɗi.

Sai kalmar bargo ta dawo masa. Ya tashi ko sallama bai yi ba. Rabon Gado da gudu an fi shekara goma, amma ranar ya yi.

*

Tun daga zaure warin ya tare shi, mai kaifi, ya sa masa tari. Takalman soso biyu na ajiye a bakin ƙofar ɗaki, da jiƙaƙƙen yashi a jikinsu. An saki labule, an toshe taga da tsumma. Mubaraka ta fito tana share hawayen da warin ya sa mata, amma fuskarta da haske.

"Baba, sannu da zuwa. Na san dalilin zuwanku. Wallahi aro nay yi, yanzu za ni maida shi. Ku yi haƙuri, ku ba Baba Iliya haƙuri." Ta rage murya kamar mai ba da albishir. "Magani ya kama. Tun hantsi bai ƙara kuka da haƙorin ba."

Gado ya ture ta ya shiga. Akwatin na tsakar ɗaki yana ƙugi a hankali, tiyonsa ya shige ƙarƙashin bargo. Ya fizge bargon. Sha'ibu na jingine da bango, baki buɗe, leɓɓansa sun yi baƙi, kowane numfashi sai ya yi fito kafin ya fita. Idonsa biyu amma ba ya ganin kowa.

"Tun yaushe?"

"Tun sahe, ina kunnawa ina kashewa. Na ga yadda likita ka taɓa shi. Ita minti guda taka ba mutum. Nic ce don iskar kaɗan ta shi as sa ba ta kai jijiya. Nil lulluɓe shi don kar ta tsere, awa turare. Baba, mi ya hwaru? Shina da huka tun ƙuruciya, ko ita ta tat tashi?"

Gado ya ciccibi akwatin ya fitar da shi waje, ya dawo ya ja telan har tsakar gida, ya fita titi yana kururuwa har wani mai kabu-kabu ya tafi ɗauko likita. Firdausi ta zo ta kashe na'urar, ta saurari ƙirjin, ta dubi Gado, shi kuma ya gane. Aka samo taksi za a kai shi asibitin Dutsi. Mubaraka na shiga mota ta kamo hannun rigar Gado.

"Baba, mi nay yi mishi?"

Tausayinta ya kama shi. Motar ta tashi. Ƴaƴanta uku na tsaye a zaure, wata maƙwabciya ta tattara su. Gado ya sunkuya ya ɗauki takalmin dama ya sa a aljihu.

*

Da la'asar zauren mai gari ya cika har waje. Motar jandarma na tsaye. Ga Iliya, ga Sadiƙ, ga Mani, kowa a tabarmarsa. Gado ya shigo da akwatin ya ajiye gaban Shef.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa mai gari, "Sadiƙ ba ruwanshi, caja yaɗ ɗauka. Mani ba ruwanshi. Gidan Sha'ibu tela nis samu kayan."

Wayar mai gari ta yi ƙara. Ya saurara, ya yi salati, ya ajiye. Likita ce. Sha'ibu ya cika suna shiga Dutsi, ko ƙofar asibiti ba su kai ba. Zauren ya ɗauki salati.

Shef ya bari aka natsa. "Allah shi jiƙan shi. Amma inda anka samu kaya daban, wanda yaɗ ɗauka daban. Wa ab buɗe ɗaki?"

Iliya ya miƙe da ƙyar, yana dafa bango. "Ni na, Shef. Ni niɗ ɗauka nik kai musu. Mu tahi."

Aka yi ca. Wani daga waje ya ce dama ya faɗa. Shef ya fara naɗe takardarsa, don shi wannan ya ishe shi.

Gado ya dubi abokinsa, ga ƙafafu sun kumbura, ga ƙirji yana hawa da sauka. In ya yi shiru, tsohon nan zai shiga motar, kuma da wuya ya dawo. In ya faɗi abin da ya gani a yashi, za a ɗauke mace daga kan gawar mijinta, gari kuma ya kira ta wadda ta kashe shi har ta mutu. Ya nemi hanya ta uku a ransa, ya samu, kuma bai so ta ba ko kaɗan.

"Ƙarya shikai," in ji Gado. "Zamna, Iliya. Na bi sawunka, gona kat tahi kad dawo, ba ka ɗauke da komi sai kwashen noma."

Ya zaro takalmin ya kifa shi gaban Shef, ya nuna idon ragar, ya ce duk mai shakka ya je bayan ɗakin likita ya gwada, sawun na nan. Ya ce mabuɗi a ƙarƙashin randa, maƙwabci na iya gani. Mani ya leƙa ya ce tabbas na Sha'ibu ne.

"Takalmi na gani," in ji Shef. "Ƙahwar wa ta ciki? Kai an ce ba ka hwaɗin abin da ba ka gani ba."

Iliya ya ɗago ya kafe abokinsa da ido. Gado ya dubi ƙasa, inda ya saba duba.

"Ƙahwar Sha'ibu ta. Ciwo ya kai shi bango, yat tahi yaɗ ɗauka, yak kunna ma kainai."

Shef ya rubuta, ya ce wanda ake tuhuma ya rasu, magana ta ƙare. Ya sallami Iliya. Tun kafin motar ta bar unguwa Gado ya ji wani yana cewa, ashe telan nan shiru-shirun banza ne.

*

Washegari aka kawo gawa aka binne. Da aka dawo zaman makoki wata tsohuwa ta ce wa Gado ana kiransa ciki. Mubaraka na bayan labule, ba ya ganin ta, muryarta kawai yake ji, ta dushe.

"Baba, an ce ku kunka ce shi na."

"Ni na."

"Shekara sha huɗu muna tare. Ko guntun ƙyalle ya rage ga ɗinkin mutum sai ya ƙulle shi cikin riga ya maida. Yau ɗanmu babba ya hita ɗibar ruwa anka ce mishi ɗan ɓarawo. In na hito na hwaɗi gaskiya hwa?"

"Sai su tahi da ke. Ɗiyanki su rasa uwa da uba sati guda, su tashi ana nuna su ana cewa uwarsu ta kashe ubansu."

"To kun zaɓa musu ke nan."

"Na zaɓa."

"Ba ku tambaye ni ba. Shi ma ba ku tambaye shi ba. Ni nik kashe shi, Baba, da hannuna. Yanzu kuma kun ce in zamna in yi shiru ana ce mishi ɓarawo. Wanne za ni ɗauka da wanne?"

Gado ya tsaya yana jira ko akwai sauran magana. Babu. Ya fito.

A ƙarshen tabarmar maza, can gefe inda ba za a ce ya kutsa ba, Iliya na zaune da hularsa a hannu. A gidansa ya kwana jiya, a kan gadonsa. Ya matsa wa Gado wuri amma bai ɗago ya dube shi ba. Liman ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Ya roƙa wa Sha'ibu rahama, ya roƙa masa sauƙin kabari, sannan ya sassauta murya ya ce Allah Ya yafe masa abin da ya ɗauka a ƙarshen kwanansa. Duk tabarmar ta ce amin, ban da tsofaffi biyu da ke ƙarshenta.